Harafin 日: Ma'ana ɗaya a Sin da Japan, amma karatu iri-iri

Duk wanda ya duba kalandar ƙasar Sin ko ta Japan zai ga wani ɗan harafi mai kama da taga, wato 日. Da zane huɗu ake rubuta shi, kuma yana cikin haruffan farko da ake koya wa yara a ƙasashen biyu. Yana nufin abin da Bahaushe ke kira rana, kuma kamar a Hausa, ya ƙunshi ranar da ke fitowa daga gabas da kuma ranar da ake ƙirgawa a mako.

Asalinsa hoto ne. A rubuce-rubucen zamanin daular Shang, da aka sassaƙa a kan ƙasusuwan dabbobi da ƙoƙon kunkuru fiye da shekaru 3,000 da suka wuce, da'ira ce mai ɗigo ko ɗan layi a tsakiya. Da tafiya ta yi tafiya sai da'irar ta zama mai kusurwa huɗu.

A Sinancin Mandarin karatunsa ɗaya ne, "ri". Shi ne a cikin 生日, "shengri", ranar haihuwa, da kuma sunan jaridar Renmin Ribao. Sai dai a hirar yau da kullum Basine ya fi cewa "taiyang" idan yana nufin ranar sama, ko "tian" idan yana ƙirga kwanaki.

A Japan lamarin ya bambanta. Japanawa suna da harshensu tun kafin su san rubutu, kuma harshen bai haɗa dangi da Sinanci ba. Da suka ari haruffan Sin, waɗanda suke kira "kanji", sai suka ɗora musu kalmominsu na gida, suka kuma riƙe furucin Sinawa. Saboda haka 日 yana da karatun gida, "hi" da "ka", yana kuma da na aro, "nichi" da "jitsu".

Dalilin samun karatun aro har biyu shi ne aron bai zo lokaci ɗaya ba. "Nichi" na cikin tsohon furucin da ya shiga Japan a wajajen ƙarni na 5 da na 6, galibi ta zirin Koriya. "Jitsu" kuwa ya zo daga baya, tare da jakadu da ɗalibai da suka je Chang'an, babban birnin daular Tang.

Mai jin Hausa ba zai rasa misalin wannan ba. Lambar 5 ita kaɗai "biyar" ce, amma a cikin 50 sai a ce "hamsin", kalmar da aka aro daga Larabci. Alamar ba ta sauya ba, wurin da ta zauna ne ke nuna yadda za a furta ta.

Haka abin yake a Japananci. A kalmar Lahadi, 日曜日, harafin ya fito sau biyu da karatu biyu: "nichiyobi". Ranar hutu, 休日, "kyujitsu" ce, yayin da uku ga wata, 三日, ake cewa "mikka". Akwai ma inda rubutu ɗaya ke ɗauke da ma'ana biyu: 一日 idan aka karanta "tsuitachi" ɗaya ga wata ne, idan kuma aka ce "ichinichi" yini guda ake nufi. Ga mai fassara takardar ciniki ko ta asibiti, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Sunan Japan kansa da wannan harafi ya fara. 日本 na nufin mafitar rana, domin tsibiran suna gabas da ƙasar Sin. Sinawa na cewa "Riben", Japanawa kuma "Nihon" ko "Nippon". A shekarar 2009 gwamnatin Japan ta bayyana cewa duka biyun sun karɓu, ko da yake "Nippon" ne ke kan takardun kuɗin ƙasar.

Matsalar ta fi tsanani a sunayen mutane, inda ko Bajapane ba ya iya tabbatar da karatun sunan wani sai ya tambaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa wata doka ta fara aiki a watan Mayun 2025, wadda ta tanadi a riƙa rubuta yadda ake furta suna a rajistar iyali. Kazalika, kafofin labaran Japan kan karanta sunan Shugaba Xi Jinping a matsayin "Shu Kinpei", alhali haruffan ba su canza ba.

Ga ɗaliban Najeriya da ke koyon Sinanci a cibiyoyin Confucius na Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, sanin harafin zai taimaka wajen gane ma'anar rubutun Japan. Furucin kuwa sai an koye shi daban, kalma bayan kalma, cikin jerin haruffa 2,136 da gwamnatin Japan ta ware a 2010 don amfanin yau da kullum.