Ba Fargaba Kaɗai Sauyin Yanayi Ke Haifarwa Ba

A shekarar 2021, mujallar Lancet Planetary Health ta wallafa wani bincike da Caroline Hickman ta Jami'ar Bath a Ingila ta gudanar tare da abokan aikinta. Sun tuntuɓi matasa 10,000 'yan shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe goma, har da Nijeriya. Kashi 59 cikin ɗari suka ce sauyin yanayi na matuƙar damun su, kuma wannan adadin jaridu suka yi ta yayatawa. Sai dai da aka tambaye su abin da ke ransu dalla-dalla, fiye da rabi sun ambaci baƙin ciki, da fargaba, da fushi, da jin ba yadda za su yi, har da ganin laifin kansu.

Mu kan tattara waɗannan duka mu ce "damuwa", alhali kowanne da inda ya dosa. Mai fargaba gobe yake hange. Mai baƙin ciki kuwa ya riga ya yi rashi. Glenn Albrecht, masanin falsafa ɗan Ostareliya, ya lura da mazauna kwarin Hunter, inda ramukan haƙar kwal suka cinye filaye: suna zaune a gidajensu amma kewar gida na cin su, don ƙasar da suka tashi a cikinta ta rikiɗe a kan idonsu. A 2003 ya raɗa wa wannan ciwo suna solastalgia. A Iceland ma, a 2019, mutane sun hau dutse sun yi makokin tsibin ƙanƙarar Okjökull da ya narke, har da kafa allon tunawa.

Fushi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Binciken Samantha Stanley a Ostareliya, shi ma a 2021, ya nuna masu fushi sun fi masu fargaba tashi tsaye a yi gyara.

Wannan ya shafe mu. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, abin da aka yi ta faɗa wa jama'a shi ne "a yi haƙuri, Allah ya mayar da alheri". Ga matar da ta tsaya tana tsamo tukwanenta cikin laka, wannan magana sanyin zuciya ce. Amma ga saurayin da ke tambayar me ya hana a gyara madatsar tun kafin damina, idan aka tsaya a "yi haƙuri" kawai, to an rufe masa baki ne, kuma amsa yake nema.