Satar Fasaha: Haƙƙin Mawaƙi a Kan Waƙarsa

A kasuwannin ƙauye da tashoshin mota, ba a rasa mai kwamfuta da ke tura waƙoƙi a waya ko a memori kan kuɗi kaɗan. Da yawa daga cikin jama'a ba su ɗauki wannan a matsayin laifi ba, domin a ganinsu waƙar tana nan wurin mai ita, ba a rage masa komai ba. Sai dai abin da aka ɗauke shi ne ladan guminsa.

A da, makaɗi yana samun abincinsa ne daga ubangidansa da kuma kyautar da ake yi masa a wurin biki. Mawaƙin yau kuwa shi ke biyan kuɗin situdiyo da masu kiɗa da 'yan amshi, da fatan ya mayar da kuɗinsa idan waƙar ta shiga kasuwa. Idan wani ya kwafa ya sayar ba da izininsa ba, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta haramta kwafar waƙa ko sayar da ita ko yaɗa ta a intanet ba tare da yardar mai ita ba. Haƙƙin wanda ya ƙirƙiri waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Alal misali, Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka wannan haƙƙi yana hannun magadansa har zuwa ƙarshen 2069. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke da alhakin tabbatar da bin wannan doka. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da bai halatta a keta ba.

Saboda haka, ana kira ga masu sana'ar tura waƙoƙi da su nemi izinin mawaƙa ko wakilansu, su kuma biya abin da aka daidaita a kai. Haka nan ana buƙatar hakimai da dagatai da shugabannin kasuwanni su wayar da kan jama'a, domin duk mawaƙin da bai ci moriyar aikinsa ba, wata rana zai ajiye sana'ar.