Fentin waje a Yawuri: a duba bango kafin a zaɓi launi

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya shimfiɗu har bakin Yelwa da Warra da ƙauyukan Ngaski, kuma magina sun san ƙasar bakin ruwa ba ta saurin bushewa kamar ta Sakkwato. Don haka a ganina, mai gida a nan ya fara tambayar ko fentin zai bar danshi ya fita daga bango, maganar launi ta biyo baya.

Bulo da filasta suna tsotsar ruwa daga ƙasa, da damina kuma feshi ya ƙara musu. In aka shafa fentin mai, wanda ke toshe bango ruf, danshin ya rasa mafita. Da rana ta buga sai fentin ya kumbura, ya fara ɓamɓarewa daga gindin bango, wani farin gishiri na tsattsafowa a ƙarƙashinsa. Gaggawa ma tana da nata laifin: sabuwar filastar siminti tana son kamar mako huɗu kafin ta karɓi fenti, amma da biki ko sallah ya matso, wa ke jira?

Masu fentin mai za su ce nasu yana ƙyalli, yana wankuwa in ƙurar hunturu ta zauna, na ruwa kuwa damina ɗaya ke kashe shi. Gaskiya ne, in na cikin ɗaki aka saya don araha, aka kuma tsinka shi da ruwa don bokiti ɗaya ya zagaye gida. Fentin ruwa da aka yi musamman don waje yana jure feshi, yana kuma barin bango ya bushe. Fentin mai wurinsa ƙofa da tagar ƙarfe, bayan an sa jan fentin hana tsatsa.

Ginin ƙasa kuwa ba ya shiri da fentin kanti ko kaɗan. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a kwaɓa da ƙasa, ta daɗe tana kare katanga daga zaizaya, sai dai tana son sabuntawa. Game da launi, fari fat yana rage zafi amma ƙura na saurin tona shi. Ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi ɓoye ta. Kuma kafin mai fenti ya ɗaga buroshi, a gyara indararo, a zuba dakali a gindin bango don kada ruwa ya kwanta a wurin.