Rumbun tsimin lafiya a ƙasar Tasawa da Mayahi

Manomin ƙasar Tasawa ko Mayahi ba ya jiran yunwa ta yi sallama kafin ya san tana tafe. Tun da kaka, ranar da aka gama ɗaurin gero aka ƙirga dammuna, yake zama ya yi lissafi: baki nawa ne a gidan, dami nawa ke kai su mako, a wane wata hatsin zai yanke. Daga nan sai ya raba. Wannan na ci ne, wannan zakka ce, wannan iri ne da ba a taɓawa ko da an kwana ba a ɗora tukunya ba. Sauran kuma na rumbun gandu ne, a rufe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. A tsakani mata su riƙe gida da abin da gamanarsu ta bayar, samari su kama hanyar cin rani zuwa Kano ko Katsina ko Agadas. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga ta El Buhari a 1984, kuma ko matasa sun ji labarin ta 2005. Wannan wahala ce ta koya mana tsimi.

Aikin shirin tarar annoba haka yake, kuma masu yin sa suna nan a tsakaninmu, ko da yake ba kasafai ake kallonsu da wannan ido ba. Akwai majo, wato shugaban likitar CSI, akwai ma'aikacin ƙaramar likitar ƙauye, akwai ɗan sa-kai da ke zaga gidaje, sannan akwai mai tattara alƙaluman cututtuka a asibitin gunduma. Gundumomin nan biyu kowace ta haura mutum 500,000 tun a ƙidayar 2012, kuma jama'a ta ƙaru sosai daga lokacin. Su ma cututtukan da ake tsoro suna da lokutansu, kamar yadda yunwa take da nata. Sanƙarau yana biyo iskar hunturu da ƙura, ya yi ƙarfi da zafin bazara, ya lafa in ruwa ya sauka. Ƙyanda da rani take yawo. Kwalara ta fi son damina, sa'ad da ambaliya ta haɗa rijiya da masai. Zazzaɓin cizon sauro kuwa daga Yuli zuwa Oktoba yake shan kai, daidai watannin da rumbun gero ya yi ƙasa, yara suka rame. Yaron da tamowa ta riga ta raunana, cutar da wani zai tashi daga gare ta shi tana iya tafiya da shi.

Duniya ma sai da ta sha wuya ta gina nata rumbun. A 1996 zuwa 1997 sanƙarau ya kama sama da mutum 250,000 a ƙasashen da ke kudu da Sahara, ya kashe kimanin 25,000, kuma ƙasar Hausa ta ɗauki kaso mai nauyi. Ƙasashe suka yi ta wawar allurar rigakafi, mai kuɗi ya samu, wanda ya fi buƙata ya rasa. Shi ya sa a 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF da Tarayyar Ƙungiyoyin Red Cross suka kafa wani kwamiti da ake kira ICG, wanda ke ajiye allurai don ranar gaggawa. Ƙasar da annoba ta faɗa wa sai ta rubuta buƙata da hujja. Ƙa'idarsu ita ce a yanke shawara cikin kwana biyu na aiki, kaya su iso cikin mako guda.

To amma duk wanda ya taɓa mallakar rumbu ya san zuba hatsi shi ne mafi sauƙin aikin. Ranar zubawa kowa yana nan, ana miƙa dammuna ana raha. Wahalar tana cikin watannin da ke biyo baya, lokacin da babu mai kallo. Sai ka duba duwatsun da rumbun ke zaune a kai, ko gara ta sami hanyar hawa. Sai ka sake jinka kafin ruwan farko, don ɗigo ɗaya da ya shiga ta sama yana iya ruɓar da zangarniya har ƙasa. Sai ka toshe ramin ɓera. Lokaci-lokaci kuma ka ɗaga jinkar ka leƙa, ka zura hannu ka ji ko ƙwari sun mayar da tsabar gari. Rumbun da aka bari ba dubawa yana nan tsaye da kyaunsa daga waje, sai ranar da aka buɗe shi da damina a tarar da dusa.

Kayan tarar annoba ma suna da nasu garar. Yawancin alluran rigakafi suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Firjin hasken rana in batirinsa ya mutu ko ƙura ta lulluɓe faifansa, kwalaben da ke ciki suna nan yadda suke a ido, amma ƙarfinsu ya tafi. Allurar ceftriaxone da ake yi wa mai sanƙarau tana da ranar lalacewa. Sinadarin kulorin da ake tsabtace ruwa da shi yana rage kaifi in ya daɗe a ajiye. Babur yana buƙatar taya da mai. Ma'aikacin da aka kai horo bara aka koya masa ɗebo ruwan ƙashin baya, bana an sauya masa wurin aiki, wanda ya gaje shi bai taɓa yi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ɗaukar hotonsa a sa a rahoto, amma su ne ke raba shiri na gaskiya da shiri na takarda.

Ɗaga jinka a leƙa kuwa, a wannan aiki, shi ne rahoton mako. Kowace likita tana aika wa gunduma adadin cututtukan da doka ta wajabta a sanar, gunduma ta aika Maraɗi, Maraɗi ta aika Yamai. Ko ba a ga mutum ɗaya ba sai an rubuta sifili an aika, domin shiru ba ya nufin lafiya. Yana iya nufin majo ba ya nan, ko waya ba ta kamawa. Na san akwai masu ganin wannan cike takardu ne kawai da ke ɗauke wa ma'aikaci lokacin duba marasa lafiya. Ban yarda da su ba, kuma ga dalilina. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2014, yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000 in ya sami masu alamun sanƙarau 3 cikin kowane 100,000 a mako ɗaya, an shiga matakin faɗakarwa. In sun kai 10, annoba ce. Ke nan a yankin da ke da mutum 40,000, mutum huɗu kacal a mako sun isa a ce annoba ta shigo. Huɗun nan kuma wataƙila ɗaya yana wani ƙauye a ƙasar Urafan, ɗaya an kai shi wurin mai magani, biyu ne kawai suka iso likita. In rahoton ya makara da mako biyu, an ci rabin makonni huɗun da ake so a ce an fara yi wa jama'a allura a cikinsu. Ga shi kuma sai an tabbatar da nau'in ƙwayar cutar, kuma samfurin ruwan ƙashin baya yakan yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa cibiyar gwaji ta CERMES da ke Yamai, bayan ya fito daga hanyoyin yashin arewacin Mayahi. Rumbun ICG ba ya buɗuwa sai da waɗannan alƙaluma. Mabuɗinsa, in an bi diddigi, yana hannun wanda ke cike takarda a ƙauye.

Akwai inda rumbun lafiya ya fi na hatsi wuyar sha'ani. Gero yana kashe kowace irin yunwa, amma allura ɗaya ba ta tare kowace cuta. A 2010 aka fara amfani da MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, allurar da kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa a kan ƙasa da rabin dala, ta kuma kusan kawar da sanƙarau nau'in A da ya daɗe yana yi mana ɓarna. Babbar nasara ce. Sai ga nau'in C, wanda ya ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya a 2013, ya afka wa Nijar a 2015: kimanin mutum 8,500 suka kamu, 573 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu, allurar da ta dace kuma ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Yanzu an sami Men5CV mai tare nau'i biyar, wadda Najeriya da Nijar suka fara amfani da ita a 2024. Mashaƙo ma, da aka ɗauka tsohon labari ne, ya dawo a 2023 ya yi ɓarna a Kano da yankin Matamaye, mafi yawa a cikin yaran da ba su sami allurar jarirai ba. Don haka mai wannan aiki ba ya cewa ya gama tanadi.

Haka kuma ba ka tsira don naka rumbun ya cika alhali na maƙwabci fanko ne. Kwalarar 2018 a gundumar Madarunfa ta fara, a watan Yuli, daga marasa lafiyar da suka tsallako daga Jibiya ta jihar Katsina, kafin ta kama sama da mutum 3,000. Ta 2021 ta haura 5,000, kuma jihar Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani. Sanƙarau na ƙarshen 2022 a jihar Damagaram ya tashi, wadda Tasawa ke iyaka da ita, ya kuma taɓa Jigawa. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa tsakiyar Tasawa. Ɗan kasuwar da ya kwana a Maijirgi gobe yana cin kasuwa a Kanambakashe, ɗan cin rani yana dawowa da abin da ya samo da abin da ya kwaso, biki ɗaya yana tara dangi daga ƙasashe biyu. Ma'aikacin lafiya na wannan gefen iyaka in ba shi da lambar wayar takwaransa na wancan gefe, rabin gonarsa ne kawai yake gani.

Ido na farko kuwa ba a likita yake ba. Uwa ce ke fara jin wuyan ɗanta ya sanƙare, ko maɗigar jaririnta ta kumbura. Mai sayar da magani a tebur ne ke lura an yi ta neman maganin zawo daga unguwa ɗaya. Liman ya san ya sallaci gawa uku a mako guda daga zuri'a ɗaya, masu wanka sun san yadda gawar take. Mai gari duk yana ji. Abin da ke hana labarin fita sau da yawa kunya ce da tsoro: kada a ce garinmu ne ya kawo cuta, kada a hana cin kasuwa, kada a karɓe gawa a hana mu yi mata sutura yadda addini ya tanada. Wannan tsoro ba wauta ba ne, kuma ma'aikacin da ya zo da tsawa ba zai sake jin komai daga garin ba. Wanda ya saba zuwa lokacin lafiya, ya gaida mai gari, ya zauna da malamai da ungozoma, ya bayyana cewa za a yi wa mamaci wanka da salla cikin kariya, shi ake bugo wa waya da tsakar dare. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, amma in an fara ba shi ruwan gishiri da sukari da wuri aka kai shi likita, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari. A gida ma ana haɗa shi: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abin da ya fi damuna shi ne cin iri. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, shawara mai kyau da ta ceci rayuka. Amma kuɗin da ya kamata a mayar wa likitoci ya sha makara, kantin magani ya bushe. Majon da ke da yaro a gabansa yana suma, ga kuma kwalin kayan gaggawa a kusurwa an ce kada a taɓa sai annoba, me ake so ya yi? Zai buɗe, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin yana wurin tsarin da ya bar shi ba na ci, sai iri. Masu ba da agaji kuma sun fi sakin hannu bayan annoba ta fashe, lokacin da ake kafa tantuna, fiye da lokacin da batir da taya da kuɗin waya kawai ake nema. Tun da Amurka ta yanke yawancin tallafinta na waje a 2025, ko wannan ɗin ma ba abin dogaro ba ne kamar da.

Saboda haka kirana ga hukumomin gundumomin Tasawa da Mayahi, da sarakuna, da 'yan kasuwarmu da ke zaune a Maraɗi da Kano da Yamai: kada ku jira a kafa tanti. A watan Nuwamba, kafin hunturu ya kankama, a zaga kowace likita a buɗe firji a duba ma'aunin sanyinsa, a karanta ranar lalacewar kowane kwali, a tayar da babur a ji. A watan Mayu a sake zagawa saboda damina, a duba kulorin da ruwan gishiri da rijiyoyin da ambaliya ta saba shiga. A ware kuɗin mai da na waya a kasafin kowace ƙaramar hukuma, a biya 'yan sa-kai ɗan haƙƙinsu a kan lokaci. Kai kuma mai gari, in ka ga mutum biyu da ciwo iri ɗaya a mako guda, ka kira majo a ranar.