Gashi a obin: wanne ne gaskiya, wanne ne shaci-faɗi?

Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban obin a jajibirin sallah tana jiran kek ya tashi ta san yadda shawarwari ke zubowa. Wannan ta ce kar a buɗe ƙofa, waccan ta ce a ƙara bekin foda, wata kuma ta yanke hukunci cewa ai hannu ne, wani hannun ba ya kek. A ciki akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma abin da ba shi da tushe balle makama.

Maganar hannu ita ta fi karya gwiwa, kuma ƙarya ce. Abin da ake ɗora wa hannu galibi laifin zafi ne. Lambar da kika murɗa ba lallai ita ce zafin da ke ciki ba. Obin mai daidaita zafi da kansa yakan hau ya wuce lambar, ya sauko ƙasa da ita, ya sake hawa, kuma idan ya kwana biyu saɓanin yakan kai digiri 10 zuwa 20. Wasu ƙananan obin na gas ma ba su da na'urar daidaitawar kwata-kwata, girman harshen wuta kawai kike ragewa ko ƙarawa.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Wata ƙanwata ta ɗauko haɗin kek a intanet, aka ce a gasa a 350. Ta duba nata obin ta ga 250 ne ƙarshensa, sai ta murɗe shi har ƙurya tana cewa a yi maneji. Kafin minti 20 hayaƙi ya turnuƙe kicin, saman kek ya yi baƙi ƙirin, cikinsa kuwa kwaɓi ne tsura. Ashe mai haɗin 'yar Amurka ce, da ma'aunin Faranhait take magana, kuma 350 nasu daidai yake da kusan 180 a ma'aunin Selshiyos da ke jikin yawancin obin ɗinmu. Idan obin mai fanka ne, sai a ƙara rage digiri 20, domin iskar da ke zagayawa tana saurin gasa abu.

Batun buɗe ƙofa kuwa gaskiya ne, amma yana da lokaci. A farkon gashi iska ce ke riƙe da kek, ƙwai da fulawa ba su daskare sun zama ginshiƙi ba. Kina buɗewa zafi ya fice, tsakiya ta lotsa, kuma ba za ta ƙara tasowa ba. Idan an ci kashi biyu cikin uku na lokacin, leƙawa ba ta da illa sosai. Nama kam bai damu ba, sai dai ya ɗan ƙara jinkiri.

Masu cewa zafafa obin kafin a sa kaya ɓarnar gas ce, su je su kalli masu gurasa a Kano. Ba a manna ƙullu a jikin tanderu sai bangonsa ya ɗau zafi. Kek da burodi suna son zafin nan na farko don su yunƙura, minti 10 zuwa 15 ya isa. Ƙara bekin foda don kek ya fi tashi kuwa, nan ma an yi kure: zai kumbura da sauri, ya faɗi, ya bar ɗaci a baki. Ƙaramin cokali ɗaya a kofin fulawa ɗaya ya wadatar.

A fagen nama akwai wata tsohuwar magana da har manyan kuku ke maimaitawa, wai a fara babbaka bayan nama da wuta mai ƙarfi don a kulle ruwansa a ciki. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya yayata ta a 1847, gwaje-gwajen da aka yi daga baya kuma suka ƙaryata ta. Ɓawon da ke samuwa ba ya hana ruwa fita, wannan cuwwar da kike ji a kasko ma ruwan ne ke tsiyaya yana ƙonewa. Duk da haka a ci gaba da babbakawa, don daga nan ƙamshi da launin gashi suke fitowa. Naman da aka tsane ruwansa kafin a sa kuwa ya fi yin ja. Abin da ke busar da nama shi ne wuce ƙa'ida a wuta.

Ja-ja a kusa da ƙashin kaza ba kullum yake nufin ba ta nuna ba, musamman kajin gidan gona da ake yankawa suna ƙanana, launin ɓargo ne ke ratso ƙashi. Fari fat ma ba shaida ba ne. Shaidar ita ce tsakiyar cinya ta kai digiri 74. Gardamar takardar foyil kuwa, wai ɓangare mai sheƙi ne ciki ko waje, ɓata baki ne: a wurin murzawa a masana'anta bambancin ya samo asali, kowanne aka sa daidai ne.

Mai tsire ya san inda wutarsa ta fi ci, shi ya sa yake ta sauya wa tsinke wuri. Ke ma ki san naki obin. Kafin sallar bana, ki jera yankan burodi su cika faranti, ki sa a 180 na 'yan mintuna, ki ga waɗanda suka riga yin ja. Nan ne wutarki ta fi ƙarfi, daga nan za ki san lokacin juya gwangwani. In da hali, ki sayi ɗan ma'aunin zafi ki rataye a ciki.