Zaɓen Sandunan Golf ga Mace Mai Ƙaramin Jiki

Dokar wasan golf, wato ƙwallon lambu, ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanduna har 14, amma mai koyo ba ta buƙatar fiye da rabinsu. Abin da ya fi yawan sanduna da sunan kamfani muhimmanci shi ne su dace da tsawonta da ƙarfin hannunta. A nan ne mace gajera ko 'yar siririya take cin karo da matsala, domin sandunan mata da ake sayarwa a shago galibi an auna su ne da mai tsawon ƙafa 5 da inci 5, wato kimanin santimita 165. Wadda ba ta wuce ƙafa 5 da inci 3 ba, sai ta nemi rukunin da aka rage wa kusan inci ɗaya.

Gajarta dai ba ta hana ƙwarewa. Ai Miyazato ta Japan, mai tsawon santimita 155, ta zama ta ɗaya a duniya cikin mata a shekarar 2010.

Awo kafin ciniki

Kamar yadda tela ba ya sa almakashi sai ya ɗauki awo, haka mai sayen sanda. Awo biyu ake yi: tsawon jiki, da tazarar da ke tsakanin wuyan hannu da ƙasa. Ta miƙe tsaye a kan daɓe, da takalmi maras tsini, hannuwa a sake, wani ya auna daga layin wuyan hannunta zuwa ƙasa. Awo na biyun ya fi faɗin gaskiya, saboda mata biyu kan zo tsawo ɗaya amma hannun ɗaya ya fi na ɗaya tsawo.

Illar doguwar sanda a bayyane take ga wanda ya duba. Idan gajera ta ɗora kan sandar a bayan ƙwallo, za a ga bakinsa ya ɗaga sama, dunduniyarsa kaɗai ke taɓa ciyawa. Da ta kai bugu sai dunduniyar ta karci ƙasa, fuskar sandar ta juya, ƙwallo ya nufi hagu, in mai bugun ba bahaguwa ba ce. Daga nan sai ta fara sauya tsayuwa don ta biya wa sandar buƙata, ta saba da abin da zai yi wuyar gyaruwa nan gaba.

Nauyi, lanƙwasa da mariƙi

Jikin sanda iri biyu ne, na ƙarfe da na girafait. Na girafait ya fi sauƙin nauyi, shi ya sa ya fi dacewa da mai ƙaramin jiki. Ana kuma buga harafi a jikin galibin sanduna don nuna taurinsu: L ita ce mafi laushi, sai A, sai R, sai S, sai X mafi tauri. Mai koyo da bugunta bai yi ƙarfi ba, L za ta nema, domin lanƙwasar sandar ke taya ta ɗaga ƙwallo.

Mutane da yawa kan ɗauko sandar miji ko ta yaya su yanke ta. Araha ce mai tsada. Yankewa na ƙara wa sandar tauri, tana kuma sa mai bugu ta daina jin nauyin kan a hannunta, ga mariƙin maza ya yi wa ƙaramin tafi kauri. In ya zama dole a yanke, a kai wa mai gyaran sanduna, ya sa siririn mariƙi a lokaci guda. Wadda tsawonta bai kai ƙafa 5 ba tana iya gwada sandunan matasa, kamar na U.S. Kids Golf da ake sayarwa bisa tsawon jiki maimakon shekaru.

Waɗanne za a fara da su?

Shida ko bakwai sun isa. Direba, sandar bugun farko mai nisa, ta zama mai kwantacciyar fuska, digiri 13 zuwa 15, don ƙwallo ya tashi ba wahala. Sai haibirid ɗaya a madadin dogayen ayan, wato sanduna masu kan ƙarfe, masu lamba 3 zuwa 5, waɗanda ko gogaggu suna shan wuya da su. Sai ayan 7 da 9, masu rami a baya, irin ƙirar da Karsten Solheim na kamfanin Ping ya yaɗa: an tura nauyin zuwa gefuna, ko an kuskure tsakiya ƙwallo ba ya ɓacewa sosai. Sai wej na fita daga ramin yashi. Ta ƙarshe fota, mai gangara ƙwallo cikin rami. Kada a raina ta: a filin ramuka 18 da aka ƙayyade wa bugu 72, guda 36 nata ne. Mai inci 32 ko 33 ta wadaci gajera.

Inda araha take

Sayen cikakken saiti da jakarsa ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kamfanoni irin su Wilson da Tour Edge suna fitar da saitin gajerun mata. Hanya ta biyu ita ce na hannu. A kulob-kulob irin na Kano, Kaduna, Rayfield a Jos da IBB a Abuja, kocin wurin da masu ɗaukar jaka su ne suka fi sanin wanda ke son sayar da tsofaffin sandunansa. A duba cewa jikin bai tsage ba, kan ba ya girgiza, zanen fuskar bai shafe ba. Mariƙin da ya yi santsi ba abin damuwa ba ne, canza shi ba tsada. A kuma yi hattara da sabuwar sanda mai babban suna da aka karya wa farashi fiye da kima, domin jabu sun yi yawa a intanet.

Kafin a biya kuɗi, a ari sanda a buga ƙwallo da ita a filin atisaye. Abin da ya rage a aljihu, gara a kashe shi wajen ɗaukar darasi. Bayan shekara ɗaya ko biyu bugu zai zauna, a lokacin ne mai wasa za ta san sandar da ta cancanci ta zuba wa kuɗi.