Haukan Ƙarya da Haukan Gaskiya a Wasan Hamlet

Daga cikin wasannin kwaikwayon da William Shakespeare na ƙasar Ingila ya wallafa, da wuya a sami wanda malamai suka daɗe suna muhawara a kansa kamar Hamlet, wanda ya tsara wajen shekarar 1600, aka fara buga shi a 1603, alhali kuwa asalin ƙissar ya girmi mawallafin da ƙarni huɗu, domin wani malamin tarihi na Danmak mai suna Saxo ya riga ya kawo ta.

Sarkin Danmak ne ya rasu ba zato, ƙanensa Kalaudiyas ya haye gadon sarauta, ya kuma auri matar marigayin tun hawaye bai bushe ba. Ana nan sai fatalwar mamacin ta bayyana ga ɗansa Hamlet cikin dare a fadar Elsinore, ta shaida masa cewa batun saran maciji da aka baza ƙarya ne, ƙanen nan ne ya tsiyaya wa sarkin guba a kunne yana barci a lambu, sa'an nan ta ɗora masa nauyin ɗaukar fansa. Don kada a gane abin da ke ransa, sai Yarima ya ɗauki haukan ƙarya ya yafa.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a yi nazari shi ne daren da Hamlet ya iske baffansa a durƙushe yana addu'a, ya zare takobi, amma ya mayar da shi kube, ba don tausayi ba, sai don gudun kada ya kashe mutum yana cikin tuba ya zama ya sada shi da rahama; bai sani ba kuwa tubar ba ta ƙullu ba, tun da mai ita ya kasa rabuwa da sarautar da matar da ya yi kisa dominsu. A daren nan kuma, wanda ya yi ta waswasi a gaban mai laifi, shi ne ya soka takobi ta bayan labule a ɗakin mahaifiyarsa ba tare da ya duba ba, ya hallaka waziri Foloniyas, mahaifin Ofiliya, budurwar da yake so. Ita ce hankalinta ya gushe da gaske, ta riƙa yawo a fada tana waƙe-waƙe tana rabon furanni, har ruwa ya cinye ta.

Daga baya an ga Hamlet a maƙabarta, riƙe da ƙoƙon kan Yorik, wawan sarki da ya sha goya shi yana yaro, bai ma san kabarin da ake haƙawa na Ofiliya ne ba; daga nan harshensa ya koma kan ƙaddara da sallamawa ga ajali. Ƙaddara haƙƙun ce, amma a ganina Yarima ya makara wajen tuna ta, domin sai da hannunsa ya gama ɓarna tukuna.

Kafin a tashi wasan, mutum takwas sun kwanta dama, har da uwarsa da ta sha gubar da aka haɗa dominsa, da baffan, da shi kansa. Sarautar da aka zubar da jinin nan duka saboda ita kuwa, Yariman Norwe ne ya zo ya same ta a ɓagas.